Amsa: Takarda na maƙalewa a firinta

Malam, tunda ka ce takarda na maƙalewa kuma wani abu na kwaramniya a ciki, fara zare wayar wuta ka bari firintar ta huce, domin ɓangaren da ke gasa tawada zafinsa na kaiwa kusan digiri 200. Ciro kwalin tawadar, ka ja takardar da hannu biyu, sannu-sannu. Kar ka kuskura ka zura wuƙa.

Yawanci dai robar da ke jan takarda ce ta yi santsi, goge ta da tsumma mai ɗan laima. Damshin daminar Kaduna ma yana sa takardu su manne, ka karkaɗa su kafin ka loda.

Kwaramniyar kuwa, ni a tawa kilif ɗin maƙale takardu na tarar ƙarƙashin tiren takarda.