Ƙoƙi-ƙoƙin ɗana ya ƙi cin abinci, kuma saɓa ta maƙale masa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 12 ya kamo wani koren ƙoƙi-ƙoƙi a jikin zogalen gidanmu a nan Zariya, wajen ƙarshen damina. Ya saka shi a wata 'yar roba mai murfi, ya huhhuda murfin, kullum yana kamo masa ƙuda da ƙananan fara. Tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, kuma bai yi fukafukai ba tukuna. Makon jiya ya yi kwana huɗu bai ci komai ba. Da yaron ya damu sai ya saka masa babban gyare ya bar su suka kwana tare. Da safe muka tarar da shi kwance a ƙasan robar, tsohuwar fatarsa ta maƙale a ƙafafun baya, ɗaya ma ta lanƙwashe. Yau kwana biyu ke nan, yana motsi amma ba ya ci. Zai rayu kuwa? Me za mu ba shi? Yaron har kuka ya yi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki fara kwantar wa yaron da hankali, ki gaya masa kwana huɗun nan da ƙwaron ya yi bai ci ba, ba ciwo ba ne. Shirin saɓa yake yi. Ƙoƙi-ƙoƙi ba shi da ƙashi a ciki, fatarsa ta waje ita ce ƙashinsa, kuma ba ta miƙewa. Idan jiki ya cika ta, sai sabuwa mai laushi ta fito a ƙarƙashi, ya tsaga tsohuwar ta gadon baya ya zare jikinsa, kamar dai yadda maciji yake zare jikinsa daga tsohuwar fatarsa. Daga ƙyanƙyasa zuwa girma yakan yi haka sau 6 zuwa 9, gwargwadon irinsa da jinsinsa. Duk lokacin da saɓa ta matso, yakan daina ci na kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, launinsa ya dusashe, ya nemi wuri ya rataye kai a ƙasa ya yi shiru. Ko ƙuda ya zo gabansa sai ya kaɗe shi da hannu maimakon ya cafke.

Yadda kika kwatanta shi, mai yiwuwa ɗan gidan da masana ke kira Sphodromantis ne, manyan korayen nan da suka cika lambunanmu. Suna da juriya sosai, shi ya sa ban fid da rai da wannan ba.

Abin da ya faru a daren nan, a ganina, abubuwa uku ne suka haɗu masa. Ƙoƙi-ƙoƙi a rataye yake saɓa, nauyin jikinsa ne ke taimaka masa ya sulɓe ƙasa daga cikin tsohuwar fatar. Don haka yana bukatar abin da faratansa za su riƙe gam a sama, da kuma fili a ƙarƙashinsa wanda zai ishe shi ya miƙe gaba ɗaya. Murfin roba santsi gare shi, kuma 'yar roba ba ta da zurfi. Ga shi kuma mun shiga hunturu, lokacin da laimar iska a Arewa kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali irin wannan ƙwaro ya fi jin daɗi a wajen kashi 50 zuwa 60. A busasshiyar iska tsohuwar fata takan ƙame kafin ya gama fita, kuma ƙafafun baya, da yake dogaye ne sirara, su suka fi maƙalewa. Sai kuma gyaren. Gyare yana yawo cikin dare, yana iya ture mai saɓa ya faɗo, yana ma iya gatsa shi, domin a wannan sa'ar jikin ƙoƙi-ƙoƙi laushi ne da shi kamar dafaffen ƙwai, ba ya iya kare kansa. Yaron da kyakkyawar niyya ya yi, kuma manya da yawa masu kiwon ƙwarin nan sun yi wannan kuskuren kafin su gane.

Yanzu ki duba abubuwa uku a jikinsa cikin haske mai kyau: hannayen gaba masu ƙaya, baki, da ciki. Idan hannayen suna naɗewa suna buɗewa daidai, kai yana juyawa yana bin motsin yatsanki, cikin kuma bai fashe ba, bai yi baƙi ba, to ƙafar baya ɗaya ba za ta kashe shi ba. Idan kuwa ƙirjin ne ya karkace ko cikin ya tsage yana fitar da ruwa, gaskiya da wuya ya kai labari, kuma gara yaron ya ji haka daga bakinki tun yanzu.

Game da fatar da ta maƙale, kada a ja ta. Ki jiƙa audugar goge kunne da ruwa mai ɗan ɗumi, ki dinga taɓa wurin a hankali har ta yi laushi. Wani lokaci shi da kansa zai kai baki ya cire. Abin da ya rage yana reto, a datse shi da ƙaramin almakashi, fatar kawai, ban da ƙafar. Lanƙwasasshiyar ƙafar kuma a ƙyale ta. Bayan kwana biyu ta riga ta ƙame a haka, duk wanda ya ce zai miƙar da ita karya ta zai yi. Kada ki firgita idan kika ga ya gutsire ta da kansa. Tunda bai yi fukafukai ba, akwai sauran saɓa a gabansa, kuma a saɓa ta gaba ƙafar da ta lanƙwashe takan gyaru, wadda ta guntule kuma takan fito 'yar ƙarama ta riƙa ƙaruwa. Idan saɓa ɗaya ce ta rage masa, za ta zauna gajera, amma zai yi rayuwarsa da ita.

Sai maganar ci. Bayan saɓa bakinsa da hannayensa suna bukatar awa 24 zuwa 48 kafin su yi ƙwari, saboda haka rashin cin kwana biyun nan daidai ne. Ruwa za a fara ba shi. Ba ya sha a kwano, ɗigo yake lasa, don haka a yayyafa ruwa a bangon gidansa kusa da kansa. Daga gobe a gwada shi da ƙuda guda ɗaya mai rai. Idan ya bi shi da ido amma ya kasa kamawa, sai a koma ciyarwa da hannu: a kashe ƙuda ko ƙaramar fara, a ɗan matse ta ruwan cikin ya fito, a riƙe da hantsaki a taɓa bakinsa da wurin. Da ya ɗanɗana yakan fara ci, sau da yawa ma ya kai hannu ya karɓe. Wannan aiki ne na haƙuri, kuma ina ganin yaron ne ya fi dacewa ya yi shi kina tsaye a kansa.

Abincin kada ya wuce sulusin tsawon jikinsa yanzu da yake da rauni. Ƙuda, ƙananan fara da ƙwarin da ke taruwa a fitila da dare sun wadatar, sau ɗaya a kwana biyu. Cikinsa ne ma'auni: idan ya shafe kamar ganye yunwa yake ji, idan ya yi tim a dakata. A guji tururuwa da zanzaro da ƙudan zuma, da farar nan mai wari mai zanen rawaya da baƙi da ja, domin tana tara guba daga ganyen da take ci. Haka duk kyankyason da aka tsinta yana magagi a ɗakin da aka yi feshi ko aka zuba fiya-fiya, guba ce za a miƙa masa. Abin da bai ci ba cikin awa ɗaya ko biyu a fitar da shi, kada wani abu mai rai ya sake kwana da shi.

Babban aikin shi ne gidan, kuma a yi shi yau, domin saɓa ta gaba tana iya zuwa cikin 'yan makonni. Ƙa'idar masu kiwo ita ce tsayin gida ya ninka tsawon ƙwaron sau 3, faɗi kuma sau 2. Na santimita 5 ke nan yana bukatar aƙalla santimita 15 a tsaye, amma tunda girma zai yi, ki nemi doguwar roba mai santimita 25 ko 30. A jefar da murfin, a rufe bakin da raga a ɗaure da kyauro. A nan ina roƙonki ki kula sosai: kada a yanko gidan sauron da ake rabawa a asibitoci, domin an jiƙa zarensa da maganin kashe ƙwari, kuma abin da ke kashe sauro zai kashe wannan. Sabuwar ragar taga ko wankakken gyale mai shara-shara sun fi. Saboda ƙafarsa ba ta da ƙarfi, a sauko da wani ƙyallen ragar ta bango ɗaya har ƙasa, a jingina busasshen reshe mai kaushi, yadda zai iya hawa ba tare da wahala ba. A bar tsakiyar gidan fili. A ƙasa a shimfiɗa takardar goge hannu ninki biyu ko uku, a ɗan jiƙa ta, a yayyafa ruwa a bango kowace yamma muddin ana hunturu. Damshi ake so, ba jagwab ba, kuma a canza takardar kafin ta yi fumfuna.

A ajiye shi inda rana ba ta dukan robar kai tsaye, nesa da hayaƙin maganin sauro da turaren wuta. Sanyin asubar Zariya a watan Disamba da Janairu yana rage masa kuzari da cin abinci, don haka cikin ɗaki ya fi masa tsakar gida. Idan kiyashi suna damun ɗakin, a ɗora robar a cikin faranti mai ruwa.

Ranar da ya sake ƙin abinci ya rataye kai a ƙasa, yaron ya san abin yi: ya kwashe duk abin da ke motsi a ciki, ya yayyafa ruwa a bango, ya janye hannunsa. Fitar kanta ba ta cika wuce rabin awa ba, amma kada a taɓa robar ko a ɗaga ta sai bayan kwana guda cur. Kafin saɓa ta ƙarshe za ku ga wasu 'yan kumburi biyu-biyu a gadon bayansa sun yi kauri, fukafukai ne ke shirin fitowa, kuma a wannan karon ƙin abincin yana iya kai mako guda ko fiye. Daga ranar da ya yi fukafukai ya gama saɓa, abin da ya rage masa a duniya 'yan watanni ne, domin duk rayuwarsa ba ta cika wuce shekara guda ba. Ki sanar da yaron wannan tun da wuri, sannan ku yanke shawara tare ko za ku ci gaba da riƙe shi ko ku mayar da shi kan zogalen da aka kamo shi.