Tsohuwar Marsandi daga Jamus zuwa Argungu: waɗanne takardu ake bukata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Argungu ne. Yayana da ke aiki a Jamus ya samo wata Marsandi 230 ƙirar 1978, irin wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake hawa muna yara. A hannun wani dattijo take, kuma ta samu kulawa. Muna so mu kawo ta gida. Wani dillali a Kamba ya ce a sauke ta Kwatano kawai, shi zai shigo da ita ya yi mata takardu har da lamba, ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Waɗanne takardu ya kamata mu riƙe don ta zama tamu a hukumance, a kuma yi mata rajista a Kebbi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Na fahimci abin da ke jan ku ga wannan mota, kuma kun iya zaɓe, don ƙirar nan da Marsandi ta yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980 tana cikin motoci mafi ƙarko da suka taɓa hawa titin ƙasar nan. Sai dai kafin a zo maganar rajista a Birnin Kebbi, akwai tambayar da ta riga ta: doka ta ma yarda motar ta shigo? A nan gizo ke saƙa, kuma a nan zan fi daɗewa.

A jerin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya akwai motocin hannu da suka wuce wasu shekaru daga shekarar da aka ƙera su. An daɗe ana aiki da shekara 15, a 2022 aka matse zuwa 12. Ko da wanne aka auna, motar 1978 ta haura nesa ba kusa ba. Yayanka zai iya ce maka ai a Jamus motar da ta kai shekara 30 daraja gare ta, har lamba ta musamman ake ba ta mai harafin H a ƙarshe. Haka ne, amma dokar Jamus ce, a can take tsayawa. Jami'in Kwastam da zai buɗe motar a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas shekarar ƙira zai duba, ba kyan fenti ba.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce kada a ba dattijon nan ko sisi, kada a kama mata wuri a jirgi, sai kun ji matsayin Kwastam a rubuce. Ku samu ejan mai lasisin fiton kaya, ya rubuta wa hedikwatar hukumar a Abuja, ya faɗi irin motar, shekararta, lambar casis ɗinta, ya haɗa da hotuna, ya bayyana cewa ta tarihi ce za a ajiye a gida, ba ta sayarwa ba. In amsa ta fito da amincewa, a kan takardar hukuma, ɗauke da lambar casis ɗin motar nan ita kanta, sai a ci gaba. In ba ta fito ba, ku haƙura da ita. Na san wannan magana ba za ta yi maka daɗi ba, amma gara ranka ya ɓaci yau da a ce kuɗin saye da na jirgi sun tafi, motar kuma tana jibge a Legas kuɗin ajiya na ta hawa.

Za ka gamu da ejan da zai ce, “Alhaji bar min wannan, mun saba fitar da irinsu.” Ta yiwu ya fitar ɗin. Ka tambaye shi wace shekara zai rubuta a takardar bayyana kaya. In ya sa shekarar da ba tata ba don ta wuce, to sunanka ne a kan takardar, ba nasa ba, kuma ko yaro ya kalli fitilun motar nan ya san ba ta jiya ba ce. Daga Legas zuwa gida sai kun bi Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko da Jega, kuma ba a rasa jami'an Kwastam a wannan hanya.

Shi kuwa mutumin Kamba, ka yi masa godiya ku rabu lafiya. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sababbi da tsofaffi, sai ta tashar jirgin ruwa. Buɗe iyakar Kamba da aka yi a watan Afrilun 2022 bai ɗage wannan hanin ba. Motar da aka sauke a Kwatano aka ratso da ita ta daji, sunanta kayan fasa-ƙwauri, komai kyan takardun da aka haɗa mata. Takardun kuma ɗayan biyu ne: ko na jabu, ko na wata motar ne aka kankare aka ɗora. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ana iya samun lamba a liƙa mata, sai mai ita ya saki jiki. Lamba ba ta wanke rashin biyan kuɗin fito. Ko bayan shekaru aka tare ta, aka buga lambar casis a kwamfuta ba a ga biya ba, kama ta za a yi, ƙarshenta a yi gwanjonta.

To mu ƙaddara amincewar ta samu. A Jamus takardun mota kashi biyu ne. Kashi na ɗaya shi direba ke yawo da shi. Kashi na biyu, wanda mutanen can ke kira Fahrzeugbrief, shi ake ɓoyewa a gida, kuma shi banki ke riƙewa in an ci bashi a kan mota. Wanda ya ce zai sayar da mota amma na biyun ba ya hannunsa, kada yayanka ya saya. Na asali za a karɓa, ba hoto ba. Sai yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da cikakken sunan mai sayarwa da adireshinsa, farashi, ranar ciniki, lambar casis da sa hannun kowa. Sai shaidar an soke rajistarta a can, da takardar fitar da kaya ta Kwastam ɗin Jamus, wadda ake bukata ga kayan da ya haura Yuro 1,000.

Yanzu lambar casis, wadda ita ce igiyar da ta ɗaure duk takardun nan. Motocin da aka ƙera daga 1981 lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, ita ake kira VIN, kuma tun 2022 da ita Kwastam ke ƙiyasta kuɗin fiton mota a kwamfuta. Taku alƙaluma 14 gare ta. Ka ce wa yayanka ya ɗaga bonet, ya goge bangon da ya raba inji da cikin mota, zai ga an buga ta a jikin ƙarfen. In 230 ce ta gaskiya za ta fara da 123023. Alƙaluma biyu da ke biye su ma magana suke: 10 na nufin sitiyarin hagu da giyar hannu, 12 sitiyarin hagu da giya mai canza kanta, in kuwa ka ga 20 ko 22 ta hannun dama ce. Ya ɗauki hoto kusa-kusa, ya gwada da ƙaramin allon da ke gaba wajen lagireto, ya gwada da takarda, alƙalami bayan alƙalami. In ya ga alamar walda ko alamar an goge ƙarfen da na'ura a kewayen lambar, ya janye. Ya duba lambar inji ma, don motar da ta haura shekara 40 sau da yawa an taɓa sauya mata inji, kuma za a tambaye ka lambar a wajen rajista. Da yake kwamfuta ba za ta karanta lamba 14 yadda take karanta 17 ba, jami'ai ne za su yi ƙiyasin da kansu, wannan kuwa yana ɗaukar lokaci. Ejan ya san da haka tun kafin jirgi ya taso. Kada kuma wani ya ƙara sifili ko haruffa don a cike gurbi a wata takardar alhali sauran ba haka suke ba.

Kun yi sa'a daga Jamus take. Da daga Ingila ce da ban ma tsawaita ba, don Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, kuma dokokin hanya na 2012 sun hana rajistar mota mai sitiyarin dama.

Akwai wani abu da ke yawan kawo cikas ga mutanenmu: rubutun suna. Katin ɗan ƙasa ya ce Muhammad, fasfo ya ce Mohammed, takardar lodin jirgi ta zo da Muhammadu. A wajen ma'aikaci mutum uku ke nan. Ka tura wa yayanka sunanka yadda yake a katinka, shi za a sa a matsayin mai karɓar kaya. In kuma da sunansa ya saya, to ya rubuta maka takarda ta biyu, ta sayarwa ko ta kyauta, da shaidu. Kada ku ce ai ɗan'uwa ne. Yau kuna raye kun fahimci juna, gobe 'ya'yanku ne za su zauna rabon gado.

A tashar Legas, ejan zai yi aiki da takardar lodin jirgi, rasit ɗin saye, lambar harajinka ta TIN, da rajistar VReg da ake yi wa duk motar da aka shigo da ita. Abin da za ka karɓa daga hannunsa shi ne takardar bayyana kaya, takardar ƙiyasin kuɗin fito, rasit ɗin banki na biya, da takardar sakin mota. Ka je ofishin Kwastam na Birnin Kebbi a tantance maka su kafin ka sallame shi sauran kuɗinsa.

Rajistar kanta ita ce mai sauƙi. Ofishin lasisin motoci na hukumar tara haraji ta jiha za ka je da waɗannan takardu da katinka. Jami'an binciken motoci na VIO su duba lafiyar motar, a shigar da ita kundin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, a ba ka lamba, lasisin mota da shaidar mallaka. Inshorar da doka ta wajabta ga motar gida ta koma Naira 15,000 tun Janairun 2023. A kamfanin inshora na gaskiya za ka yanka, ba a bakin ƙofar ofis ba.

In Kwastam ba ta amince ba, ba shi ke nan ba. An shigo da irin wannan Marsandi da yawa ƙasar nan a zamanin da take yayi, kuma har yau akwai su a rufe cikin gareji a Sakkwato, Kaduna, Kano da Jos, wasu ma da tsohuwar lambar SO ta kafin a cire Kebbi daga Sakkwato a 1991. Wannan ba ruwanta da maganar shekaru, canjin mallaka da sabuwar lamba kawai za a yi. Abin lura shi ne yawancinsu masu su sun rasu, don haka kada ka saya a hannun ɗa guda. Ka nemi takardar kotu ta rabon gado da ta nuna wanda motar ta faɗa wa, ko sa hannun dukkan magada. Yayanka kuma sai ya riƙa aiko da kayan gyara daga Jamus, inda har yanzu ake samun na wannan ƙira, daga robar gilashi har kayan kafireto.