Goyo da karatun jami'a: ta ina zan fara?

Tambaya: Malama, shekarata 18, ina Unguwar Rogo a Jos. An yi mini aure ina aji biyar na sakandare, auren bai yi ƙarko ba, na dawo gida da 'yata mai wata bakwai. Ina son shiga jami'a, amma Baba ya ce goyo da boko ba sa haɗuwa.

Amsa: 'Yata, suna haɗuwa. Na koyar da ɗalibai da dama da ke zuwa aji da goyo a baya, kuma sun kammala.

Batun takardu mai sauƙi ne. Ba sai kin koma aji ba: ki zana WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Daga nan sai JAMB, kuma ba a rajistarta sai da lambar NIN, don haka ki yanke ta tun yanzu. Jami'ar Jos tana bakin unguwarku, a titin Bauchi. Idan zuwa aji kullum zai yi nauyi, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, tana da cibiya a Jos, kuma yawancin karatunta daga gida ake yi. Akwai kuma rancen karatu marar ruwa na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, da aka fara a 2024.

Abin da ya fi damuna shi ne gida. Yawancin waɗanda na ga sun yanke karatu ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, mai riƙon yaro suka rasa. Lacca ƙarfe takwas na safe, ga sanyin Jos, ga yarinya ta kwana da zazzaɓi: wa zai karɓe ta? Ki zauna da Mama ku tsara tun kafin ki sayi fom. Wace rana take riƙo, wace rana gwaggo ko yayarki, wa zai kai ta rigakafi. Tunda ta wuce wata shida, ki saba mata da kunun gyaɗa da hannun kakarta, nono kuma safe da dare.

Baba kuwa, kada ki yi musu da shi. Tsoro yake ji, ya ga kin sha wuya sau ɗaya. Ki samu kawunki ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, su je masa da tsarin nan a hannu. A wannan zaman a tuna wa mahaifin yarinyar cewa ci da sutura da maganinta a wuyansa suke.

Ki fara da GCE ta bana. Kafin ki kai ga JAMB, 'yarki ta fara tafiya, yaye ya kusa.