Ciwon Ƙugu Ya Lafa, Amma Ƙafata Ta Sage Tana Ja

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da hatsi a kasuwar Dole, shekarata 54, kuma a unguwar Birni nake zaune. Wata biyar ke nan na sunkuya zan taya yarona ɗora buhun gero a amalanke, sai na ji kamar wani abu ya tsinke mini a ƙugu. Tun daga ranar ciwo ya riƙa sauko mini ta ɗuwawun hagu, ya bi cinya da gefen ƙwauri har saman ƙafa, kamar ana jan zaren wuta. Na sha magunguna, wanzami ya yi mini ƙaho sau biyu, an kuma ɗauki hoton radiyo aka ce ƙashi bai karye ba. Yanzu alhamdu lillahi ciwon ya ragu ƙwarai, sai dai saman ƙafar da babban yatsa sun sage, takalmi yakan zame ban sani ba, kuma sau uku ina yin tuntuɓe a hanyar masallaci domin ƙafar ba ta ɗaguwa yadda na saba. Wasu suna cewa sanyi ne, wasu suna cewa wani abu na taka. Tun da ciwon ya lafa, ko warkewa ce ta fara in ci gaba da haƙuri? Kuma yaya zan yi da harkokina da wannan ƙafa?

Mai karatu daga Birni, Zinder

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Zan fara da abin da ya fi damuna a wasiƙarka: lafawar ciwo alheri ce idan ƙarfin ƙafa yana dawowa tare da ita, amma idan ciwo ya ragu alhali ƙafa tana ƙara ja a ƙasa, to wannan ba alamar da za a zauna a kanta ba ce. Jijiyar da aka danne takan yi ta kuka da zafi muddin tana iya kai saƙo, kuma wani lokaci shirun da take yi daga baya na gajiya ne. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce kada ka ƙara jira, ka nemi likita ya duba ƙafar nan a cikin makon nan.

Bari in bayyana dalili, domin mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, wato jijiya, ga hanyar jini da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kuma wannan yakan sa mutum ya ɗauka jini ne ya daskare masa a ƙafa, ya tafi neman mai zuƙe shi. Wadda ake magana a kanta a nan jijiyar saƙo ce. Laka tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, ta tsaya a daidai saman ƙugu, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba da sauka a haɗe kamar gashin wutsiyar doki, kowace tana fita ta ƙofarta zuwa ƙafa. Ƙasusuwan ƙugu guda 5 ne, likitoci suna kiran su L1 zuwa L5, kuma tsakanin kowane biyu akwai wani faifai na guringuntsi mai taushin ciki, wanda aikinsa irin na gammo ne a kan mai ɗauke da tulu. Idan mutum ya sunkuya ya ɗaga nauyi yana murɗa jiki, bakin faifan yakan tsage, cikinsa ya turo waje ya danne jijiyar da ke wucewa kusa da shi. An fi samun haka a faifai biyu na ƙarshe, wato tsakanin L4 da L5 da kuma tsakanin L5 da S1, ƙashin da ke bin L5 daga ƙasa.

Kowace jijiya da yankinta. Ta L5 ita ce ke kai ji ga saman ƙafa da babban yatsa, kuma tana cikin masu ɗaga ƙafar sama idan an ɗaga sawu, ta S1 kuwa ita ke kula da gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa da tafi, ita ce kuma ke ba mutum ƙarfin yin ɗage. Abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da dannewar L5, ko da yake wasiƙa ba ta maye gurbin hannun likita. Kana iya gwada kanka a gida: ka dafa bango, ka taka a kan duga-duganka kana ɗage yatsu sama, sa'an nan ka yi ɗage ka taka a kan yatsu. Idan ƙafar hagu tana faɗuwa a gwajin farko, ka gaya wa likita haka da bakinka, domin yawancin marasa lafiya ciwo kaɗai suke ambata, su manta da raunin, alhali raunin ne ya fi sauya shawarar da za a yanke.

Game da hoton radiyo, gaskiya aka gaya maka, amma ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna faifai ko jijiya. Hoton da ya fi nuna su shi ne na na'urar maganaɗisu da ake kira IRM, sai na sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, da ke bi masa. Ka fara da cibiyar lafiya ta unguwa, wadda muke kira CSI, ka nemi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, a can likita zai auna ƙarfin tsokar ya faɗa maka irin hoton da kake bukata da inda za a yi shi. Na san kuɗin hoto yana da nauyi, balle idan ya haɗa da tafiya Yamai mai nisan kusan kilomita 900, amma a lissafa abin da ke tafiya kaɗan-kaɗan wajen sayen magani a bakin kasuwa cikin wata biyar, sau da yawa za a tarar ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin kwantar da hankali. Mafi yawan masu irin wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an yi musu aiki ba, domin kumburin yakan sauka, jiki kuma yakan tsotse wani ɓangare na abin da ya turo. Amma rauni mai ƙaruwa yana cikin dalilan da ke sa likita ya yi maganar aiki, kuma jijiyar da aka sauke wa nauyi da wuri ta fi wadda ta daɗe a danne samun damar farfaɗowa. Ko bayan an sauke mata nauyin, farfaɗowarta a hankali take, domin jijiyar da ta lalace tana tsirowa ne da kimanin milimita 1 a rana, ka ga kuwa daga ƙugu zuwa yatsa tafiya ce ta watanni masu yawa. Sagewar ita ce takan tafi a ƙarshe, wani ma yakan rage da ɗan gurbinta har abada.

Akwai alamun da ba sa jiran wayewar gari, kuma ina roƙon kowane mai karatu ya riƙe su. Idan fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba a sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko wurin da mutum ke zama a kan sirdi, wato tsakanin cinyoyi da al'aura da dubura, ya sage, ko rauni ya kama ƙafafu biyu a lokaci guda, to jijiyoyin nan masu kama da wutsiyar doki ne aka danne gaba ɗaya, kuma aikin gaggawa ake yi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kunya tana hana dattijai da yawa faɗar irin wannan ga ƴaƴansu, har sai lokacin ceto ya wuce, kuma babu abin da ya fi wannan ban takaici a wannan fanni.

A ƙasarmu akwai kuma abubuwan da dole likita ya kawar kafin ya ɗora laifi a kan buhun gero kaɗai. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya ya cinye shi, har ya fito da ƙusumbi ya danne laka, kuma alamunsa su ne rama, zazzaɓin yamma, gumin dare da ciwon bayan da ba ya barin barci. Yana warkewa da maganin tarin fuka na watanni idan an gano shi da wuri. Ciwon sukari yana sage ƙafafu, sai dai shi biyun yake kamawa tare, yana farowa daga yatsu ya hau kamar safa. Ƙarancin bitamin B12 da kuturta su ma suna kashe ji, kuma dukansu suna da magani. A shekarunka gwajin sukari ba shi da tsada, ka nemi a yi maka ko da ba a ambata ba.

Yanzu ga yadda za ka zauna da ƙafar kafin ta murmure. Ciwo mai gadi ne, shi ke gaya wa mutum ya taka ƙaya, kuma ƙafarka ta rasa mai gadinta, don haka ido ne zai karɓi aikin. Kowane dare ka duba samanta da tafinta da tsakanin yatsu, da madubi ko ka sa wani na gida ya duba maka, ana neman tsaga, ƙuna, bororo ko ƙayar tsidau da ta maƙale. A bazarar Damagaram, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rairayi da simintin harabar masallaci suna ƙona fata kafin mai sagaggiyar ƙafa ya ankara, don haka ka cire takalmi a bakin inuwa, ka kuma sa safa idan za ka yi sallar Juma'a a waje. A hunturu haɗarin yana juyawa: kada ka miƙa ƙafar kusa da garwashi, kuma ruwan ɗumi na alwala ka fara taɓa shi da hannu. Ka shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, amma ka bar tsakanin yatsu a bushe. Ka kakkaɓe takalmi kafin ka saka, saboda tsakuwa da kunama.

Silifas ba naka ba ne yanzu, domin yatsu ne ke riƙe shi, su kuwa ba su da ƙarfi. Ka nemi takalmi rufaffe mara nauyi, ko mai maɗauri a bayan dunduniya. Akwai kuma wani abin tallafi na roba mai siffar kusurwa da ake sakawa cikin takalmi ya haura bayan ƙwauri, wanda ke riƙe ƙafa kada ta faɗi idan an ɗaga sawu. Masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda muke ce wa kine, su ne za su auna maka shi. Sanda kuwa a hannun dama za ka riƙe ta, wato ɓangaren ƙafa mai lafiya, ta riƙa tafiya tare da ƙafar hagu, ko da yake mutane da yawa akasin haka suke yi. A matakala lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai rauni ke fara sauka. Lungunan Birni da duwatsunsu ba wurin tafiya a duhu ba ne ga mai irin ƙafarka, don haka ka riƙe tocila idan za ka fita Asuba da Isha'i.

Kwanciya ba ta gyara wannan cuta, tsoka ma take ƙara narkarwa. Ka yi tafiya gajera safe da yamma a wuri mai laushi, ka tsaya kafin ka gaji, domin da gajiya ƙafar ta fi ja. Ka zauna ka miƙe ƙafa, ka zarga rawani ko tawul a tafin, ka jawo yatsu wajenka na daƙiƙa 30, sau uku, safe da dare, don kada agarar ta ƙage ƙafar ta daskare a sunkuye. Ka yi ƙoƙarin ɗaga ta da kanka ko da motsin kaɗan ne, ka kuma riƙa tashi daga kujera kana komawa sau goma ba tare da gaggawa ba. A rumfa ka bar ɗaukar buhu ga yara, ka sauya zaman tabarma da kujera mai majingini, ka miƙe tsaye duk bayan rabin awa. Idan dole ka ɗauki wani abu, ka durƙusa da gwiwa, ka rungumo kayan kusa da jiki, kada ka murɗa ƙugu. Ka rage hawan kabu-kabu a hanya mai gargada, kada kuma ka tuƙa babur da kanka, domin da ƙafar hagu ake sauya giya. Tsugunon ban-ɗaki ma yana da wuya, a sa maka abin dafawa ko kujera mai huda. Salla kuwa addini ya yi rangwame: wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabinsa Imrana ɗan Husaini.

Kan magunguna, diklofenak da ibuprofen suna rage zafi da kumburi, amma ba sa dawo da ƙarfi ko ji, kuma yawan shansu yana gyambon ciki yana taɓa ƙoda. Tramol yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, tun da ciwonka ya lafa ba ka da bukatarsa. Ina girmama wanzamai da maɗora a abin da suka ƙware, amma matsalar tana can cikin ƙashin baya inda ƙaho ba ya kaiwa, kuma tsaga ko sakiya a fatar da ba ta ji ƙofar gyambo ce, musamman ga mai sukari. Kada ka yarda a taka maka baya ko a fizge ƙafar da sunan mayar da jijiya. Masu cewa wani abu ka taka, ka karɓi addu'arsu da hannu biyu, amma ka tuna kai da kanka ka faɗi ranar da abin ya fara da buhun da ya jawo shi.

Ranar da za ka asibiti ka tafi da hoton radiyon nan da kwalayen duk magungunan da ka sha, ka sa a rubuta maka a takarda lokacin da sagewar ta fara, lokacin da tuntuɓen ya fara, da ko raunin yana ƙaruwa daga mako zuwa mako. Ka tafi da ɗanka ko wani na kusa da zai ji bayanin likita tare da kai, ka kuma sake rubuto mana abin da aka gano.