Kafin ka ɗauki karen tsere a Ingila

Ɗana, gaisuwa mai yawa. Na yi murna da gurbin digiri na biyu da ka samu a Manchester, Allah ya sa albarka. Sai dai tambayar da ka liƙa a ƙarshen saƙonka ce ta tsaya mini a rai: wai ka ji ana ba da karnukan tsere da suka yi ritaya kusan kyauta, kuma tunda cikin karnukan farautar kakanka ka tashi, kana so ka ɗauki ɗaya ya ɗebe maka kewa.

Abin da ka ji gaskiya ne. Greyhound ake ce musu, dogaye ne sirara masu zurfin ƙirji, kana ganinsu za ka tuna karnukan Buzaye na Azawak. Gudunsu yakan kai kilomita 70 a awa. A garin nan na Manchester tseren ya fara kafuwa a Ingila, a filin Belle Vue a 1926. An rufe shi a 2020, amma wasu filayen na nan ana ta zuba caca. Kare kan bar tsere yana shekara 3 zuwa 5, ko don rauni ko don gudu ya ragu, alhali yana iya kai shekara 12 a duniya. Ƙungiyoyi irin su Greyhound Trust, wadda ke aiki tun 1975, su ke nema musu gidaje, kuma abin da suke karɓa bai taka kara ya karya ba.

Maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya, tana da mace ɗaya, ni nake zagayawa da ita idan ciwon ƙafa ya motsa wa uwar ɗakinta. Da aka kawo ta ba ta taɓa ganin matakalar bene ba, sai da aka riƙa ɗaga mata ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar gilashi kuwa ta sha buga mata hanci, har aka manna takarda a jiki. Idan ka juya kunnuwanta za ka ga lambobin da aka zana mata tun tana ƙarama, a duka biyun, alamar haihuwar Ireland ce, inda yawancinsu suke fitowa. Ba ta da kitse, fatarta siririya, da sanyi ya shigo sai an sa mata riga. Kada gudun ya ruɗe ka, ban taɓa ganin raggon kare irin wannan ba: a fita minti 20 da safe, 20 da yamma, sauran yinin barci a kan kujera, ƙafafu sama. Amma bari kyanwa ko kurege ya gifta, idonta ya kafe, jikinta ya ɗauki rawa. Shi ya sa ba na sakin igiya, kuma da takunkumi take fita. Maganar farauta ma ka cire ta daga ranka, dokar 2004 ta hana bin zomon daji da karnuka.

To karen ba shi da wuya. Zamanka ne bai kai ba tukuna. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa yarda da dabba, kuma a gidan haya da za ku raba ku huɗu ko biyar sai mai gida da abokan zama sun amince. Ƙungiyar ma ba haka kawai za ta miƙa maka ba, za su duba inda kake, su tambayi awa nawa zai yi shi kaɗai, don ba a so ya wuce huɗu. Kai ga aji, ga ɗakin karatu, ga awa 20 na aiki a mako da biza ta yarje maka, waɗanda da su za ka ci abinci. Asibitin mutane ka riga ka biya tare da biza, na dabbobi daga aljihunka ne, kuma waɗannan karnuka sun yi ƙaurin suna wajen ciwon haƙori. Ga inshora duk wata, ga leda a aljihu ta kwashe kashi, in ka bari tara ce. Sannan karatunka shekara ɗaya ne. Ranar da biza ta ƙare, ina za ka kai shi?

Akwai kuma batun addini. Malamanmu na Malikiyya ba sa ɗaukar kare mai rai najasa, amma ka san hadisin raguwar lada ga mai ajiye kare ba don farauta, kiwo ko gona ba, kuma wannan ko gadi ba ya yi, haushi ma da ƙyar. A gida karnukan kakanka a waje suke kwana, a nan cikin ɗaki ne, kusa da dardumarka. Da yawa daga abokan da za ka yi a masallaci, 'yan Pakistan da Somaliya, ba za su saki jiki su shiga ɗakinka ba.

Shawarata, ka zo ka fara zama. Wuraren da ake ajiye su kafin a samu mai ɗauka suna neman masu fita da su yawo a ƙarshen mako, ba ko sisi, ka kama igiya awa ɗaya ka mayar. Idan ka iso zan kai ka, ka dai tanadi takalmin da ba ka tausayi, don taɓo ne har idon sawu. Ka gaida mini Yaya da mutanen gida.