Tambaya da Amsa: In bari a yi wa top ɗin Golf ɗina fotin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum oga, Allah ya ƙara basira. Ina da Golf 3 wagon mai injin 1.8, ina lodi da ita daga Zariya zuwa Funtua wani sa'in har Gusau. Kwanan nan ta yi sanyi, in na cika ta da fasinja da kaya sai ta riƙa nishi a hawa dole in dawo giya uku. Wani yaro a garejinmu ya nuna min bidiyo a waya, turawa na gurza ramukan iska na top silinda, wato murfin saman inji, suna faɗaɗa su har suna sheƙi kamar madubi, wai sunan aikin fotin, ya ce in na bari ya yi min haka aka haɗa da sikimin, wato aske fuskar top ɗin, to motar za ta koma kamar GTI, Golf ɗin nan mai gudu. Gaskiya ne ko kuɗina yake so? Daga wani direba, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam malam direba. Fotin gaskiya ne, aiki ne da masu tseren mota suka daɗe suna yi, amma ni dai ba zan ba yaron nan top ɗina ba, kuma ba don ina zarginsa da cuta ba, a'a, abin da ya gani a bidiyon rabin aikin ne.

Inji numfashi yake yi. Fistin ya sauka, bawul ya buɗe, iska da mai su shiga, a matse, fulogi ya kunna, hayaƙi ya fita ta ɗaya bawul ɗin. Man fetur yana son iska wajen ninkinsa 14.7 a nauyi kafin ya ƙone daidai, wato ba man ne ke wahalar shigarwa ba, iskar ce. Kuma lokacin kaɗan ne ƙwarai, in allurar juyin injinka tana kan 3,000 a minti kowane bawul na shigar iska yana buɗewa sau 25 a daƙiƙa ɗaya, a 6,000 sau 50. Shi ya sa ake gyara hanyar.

To inda mutane ke ɓata shi ne a ɗauka girman rami shi ne ƙarfi. Ka taɓa wanke mota da tiyo ai, in ka sa babban yatsa ka ɗan toshe bakin ruwan sai ya fita da gudu, in ka saki ya zubo a galabaice. Haka iskar take, tana da nauyi, in tana gudu a cikin rami sai ta ci gaba da cusa kanta cikin silinda ko da fistin ya fara juyowa sama kafin bawul ya rufe. Ka faɗaɗa ramin fiye da kima gudun ya ragu, motar ta mutu a ƙasa-ƙasa, sai ka kai ta can sama tana ihu sannan ka ji wani abu, alhali kai aikinka duk tsakanin 2,000 da 3,500 yake, da mutum shida da buhunan masara a but. Mai tsere ba ruwansa da wannan, shi kullum allurarsa na kusa da ja.

Masu aikin na gaske ba bakin ramin suke bi ba, wanda ake gani daga waje yana burge ido. Ribar tana ciki, dab da bawul: mazaunin bawul ɗin, da kwarmin da ke ƙarƙashinsa inda aka bar gefe mai kaifi tun daga kamfani, da ɗan lanƙwasan nan na ƙasa inda iska ke shan kwana. Mazaunin ana yanka shi kusurwa uku, galibi digiri 30 da 45 da 60, don iska ta zame ba ta ci karo ba, wannan kuwa injin yanka yake so, ba girandin ɗin da muka saba ba na manna sanda a kan bawul ana murzawa da tafin hannu kamar mai burga miya. Sannan suna da teburin gwaji da ke zuƙo iska ta ramin yana auna yawanta, a Amurka yawanci a matsin inci 28 na ruwa, a gurza kaɗan a gwada, a sake gurzawa a gwada, har ramuka huɗun su zo ɗaya. Tambayi yaron da me zai auna nasa. In ido ne, to silinda ɗaya zai sha iska fiye da ɗan'uwansa kuma ba mai sani. Ga shi top ɗin alminiyam ne, ruwan lagireto na zagayawa a bayan bangon ramin, hannu ya zarce kaɗan ka huda, shi ke nan sai kasuwar Kofar Ruwa ko Panteka neman wani, garin neman ƙiba an samo rama.

Maganar sheƙi kuma, a ɓangaren hayaƙi ba laifi, yana rage kama baƙin gawayi. A ɓangaren shigar iska kuwa ba a so, musamman a motarka. Yawancin 1.8 ɗin nan mai doki 90 injekta ɗaya gare shi a sama, zaune kamar kafireta, man sai ya bi duk tsawon manifol, bututun da ke raba iska ga silinda, kafin ya isa bawul, in bangon ya yi santsi kamar gilashi sai man ya kwanta ya riƙa gangarowa ɗigo-ɗigo maimakon ya gauraya da iska. Ana barin sa da ɗan kaushi ne da gangan.

GTI ɗin da ya ambata ma ya kamata ka san lissafinsa. Golf 3 GTI injin 2.0 ne, mai bawul 8 doki 115, mai bawul 16 doki 150, kowane silinda da injektarsa, manifol daban, kamshaf daban. Ba gurza ce ta kai shi can ba. Top shi kaɗai in ƙwararre ya gyara za ka samu ɗan ƙari, amma maƙogwaron da iskar ke bi kafin ta iso da salansar da hayaƙi ke bi suna nan yadda suke.

Sikimin magani ne na top da ya lanƙwashe bayan obahitin. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kai a auna, in ratar ta wuce 0.1 na milimita a yi, in ba ta wuce ba a ƙyale. Volkswagen sun sa iyaka, tsayin top ɗin kada ya gaza milimita 132.6, kuma namu na Beljiyam wa ya san sau nawa aka aske su kafin su zo hannunmu. Duk askin da aka yi matsi na ƙaruwa, taimin na ɗan gocewa, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ga man da ba kullum ake samun mai kyau ba, sai ka ji tana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka a hawa, wannan ƙarar fistin take ci.

Kuma ka lura da maganarka, ka ce kwanan nan ta yi sanyi, ke nan da tana ja da ramukan nan dai da kamfani ya yi mata. Wani abu ne ya gaji. A fara da gwajin matsi a silinda huɗun, kada wani ya bambanta da saura da fiye da kamar kashi 10 cikin 100, wanda ya yi ƙasa a ɗiga masa ɗan baƙin mai a sake gwadawa, in ya tashi ringi ne, in bai tashi ba a duba bawul ko gaskit. A duba iya-kilina, ƙurar hunturu ba ta da tausayi, da filtar mai, da fulogi da wayoyinsu, da ko bel ɗin taimin ya tsallake haƙori, da salansa ko ta toshe. Kulochi ma yana iya zamewa a hawa ka ɗauka inji ne.

In har gwajin ya nuna sai an sauke top, to a kai wurin masu injin yanka su gyara mazaunin bawul, a canza sil da duk gaid ɗin da ya yi lako-lako, a ɗan share kaifin nan na ƙarƙashin mazauni ba tare da taɓa faɗin rami ba. Kusoshin top ɗin irin masu miƙewa ne, a sa sababbi a ɗaure su bi da bi da sifana mai awo. Yaron kuma in da gaske yake son koyo, ku nemo masa mataccen top a wajen 'yan gwangwan, ya fara yanka shi biyu da zarto ya ga kaurin bangon da idonsa.