Shin kwasa-kwasan intanet za su maye gurbin jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya kammala sakandare da sakamako mai kyau, har ya samu gurbin karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a, amma ya ce ba zai je ba. Hujjarsa ita ce manyan jami'o'in duniya irin su Harvard da MIT sun zuba darussansu a intanet kyauta, don haka asarar kuɗi ce da lokaci mutum ya shekara huɗu a aji. Ya kuma ce nan da 'yan shekaru jami'o'in ma rufewa za su yi. Ni ban san kan abin ba. Gaskiya ya faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, yaronka ya faɗi gaskiya a kan cewa darussan suna nan, kuma masu kyau ne. Inda ya kuskure shi ne zaton da ya yi cewa laccar malami ita ce jami'a. Shawarata ita ce ya karɓi gurbinsa, ya haɗa da kwasa-kwasan intanet ɗin a gefe, kada ya saki reshe ya kama ganye. Ga dalilaina.

Abin da yake magana a kai shi ne kwasa-kwasan da aka fi sani da MOOC, wato darasin da ake buɗe wa kowa a intanet ba tare da an tambayi takardar shaidarsa ba, dubban mutane su shiga lokaci guda. An fara kiransu da wannan suna a 2008, a kan wani darasi da George Siemens da Stephen Downes suka koyar a Jami'ar Manitoba ta Kanada. Amma abin bai yi tashe ba sai 2011, lokacin da Sebastian Thrun da Peter Norvig na Jami'ar Stanford suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira, mutum kusan 160,000 suka yi rajista. A shekarar da ta biyo baya aka kafa dandalan kwasa-kwasan intanet na Udacity da Coursera, sannan Harvard da MIT suka haɗa dala miliyan 60 suka kafa nasu dandalin, edX. A wancan lokacin maganar da ɗanka yake yi yanzu ita ce a bakin manyan masana. Thrun da kansa ya yi hasashen cewa nan da shekara 50 cibiyoyin ilimi mai zurfi da za su rage a duniya ba za su wuce goma ba.

Yau an haura shekara goma, kuma muna da abin dubawa. Darasin farko da MIT ta buɗe a 2012, kan kimiyyar lantarki, ya samu masu rajista kusan 155,000, amma waɗanda suka kai ƙarshe suka ci jarrabawa ba su fi 7,000 da 'yan kai ba. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa bincike a mujallar Science kan kwasa-kwasan Harvard da MIT na edX. Sun gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 cikin ɗari ne kacal na masu shiga suka kammala, kuma akasarin mutane ba sa dawowa bayan shekararsu ta farko. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ya kamata a yi wa waɗannan alƙaluma adalci: da yawa cikin masu rajistar leƙawa kawai suka zo yi, wasu kuma babi ɗaya suke buƙata, sun samu sun tafi, wannan ba faɗuwa ba ce. To amma ɗanka ba leƙe zai yi ba. So yake ya ɗora rayuwarsa a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne su wane ne suke kammalawar. Jami'ar Pennsylvania ta tambayi dubban masu bin darussanta a Coursera a 2013, ta tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari sun riga sun yi karatun gaba da sakandare sun samu shaida. Wato waɗanda suka fi cin moriyar abin su ne waɗanda jami'a ta riga ta koya wa yadda ake karatu: yadda ake tsara mako, yadda ake zama da matsala ɗaya kwana uku ba a gudu ba, yadda mutum zai gane cewa bai gane ba. A shekarar ce kuma Jami'ar Jihar San Jose ta Amurka ta gwada koyar da lissafin share fage ta hanyar Udacity, ga ɗaliban da suka fi buƙatar taimako. Sakamakonsu ya gaza na waɗanda suka zauna a aji, aka dakatar da shirin bayan 'yan watanni. Daga nan Udacity ta juya akalarta zuwa koyar da sana'o'in fasaha ga ma'aikata.

Me ya jawo haka? Bidiyo yana iya isar da bayani ga mutum miliyan, wani lokaci ma fiye da yadda malami gajiyayye zai isar a aji, domin kana iya tsayar da shi ka maimaita sau goma. Abin da ba ya iyawa shi ne ya lura cewa wane bai zo ba yau. Yaro ɗan shekara 18 da ya maƙale a mako na huɗu, idan a jami'a yake, akwai ranar miƙa aiki da ke jiransa, akwai abokin da zai ce masa shi ma nan ya tsaya jiya, akwai malamin da zai dubi aikinsa ya nuna masa daidai layin da tunaninsa ya karkace. Idan kuwa shi kaɗai ne da wayarsa, rufe shafin kawai zai yi, ba wanda zai sani. Wannan ba lalaci ba ne, haka ɗan Adam yake. Binciken 2019 ɗin nan ma ya nuna cewa cikin waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida, kusan rabi sun kammala. Da zarar an sa wa mutum wani abin da zai yi asara, ko wani wanda zai tambaye shi, sai karatun ya zauna.

Sai kuma batun shaida. Digiri alkawari ne da wata cibiya ta ɗauka da sunanta cewa ta ga wannan mutum da idonta, ta jarraba shi shekara da shekaru. Takardar kwas na mako shida ba ta da wannan nauyi, kuma tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bazu daga ƙarshen 2022, aikin gida da aka yi ba mai sa ido ya ƙara rasa daraja a matsayin hujja. A fannonin likitanci, injiniyanci da lauya kuwa, maganar ma ba ta taso ba, domin lasisin aiki yana bin digiri ne da horon hannu.

Fannin da ɗanka ya zaɓa shi ne inda hujjarsa ta fi ƙarfi, wannan dole in faɗa. A harkar rubuta manhaja ana iya ganin aikin mutum kai tsaye, akwai waɗanda suka koyar da kansu suka yi nisa, kuma Google ma tana da kwasa-kwasan shaidar sana'a a Coursera tun 2018. An kuma san labarin Battushig Myanganbayar, yaro ɗan shekara 15 daga ƙasar Mongoliya da ya cinye dukkan makin darasin lantarkin nan na MIT. Amma a duba abin da ya yi da nasarar: neman gurbi ya yi a MIT ɗin, aka ɗauke shi, ya tafi ya zauna a aji.

Game da rufewar jami'o'i, abin da ya faru kusan akasin hasashen ne. Kamfanin 2U ya sayi edX a 2021 kan dala miliyan 800, ya kuma shigar da takardun fatara a kotu a 2024. A shekarar ce kamfanin Accenture ya sayi Udacity. Darussa da yawa da aka fara kyauta yanzu sai an biya kafin a samu gyaran aiki ko takarda. Harvard da Stanford kuwa suna nan inda suke. A lokacin annobar korona ta 2020 kusan duk jami'o'in duniya sun koma intanet ala tilas, da aka buɗe ƙofa ɗalibai suka koma aji.

Wannan ba ya nufin jami'a za ta zauna yadda take. Inda nake ganin gaba ta nufa shi ne irin abin da jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta fara a 2014: digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, gaba ɗaya ta intanet, kan kimanin dala 7,000, wanda bai kai ko kusa da kuɗin zama a harabar makarantar ba. Ya yi nasara, dubbai sun kammala. Amma sai kana da digirin farko ake ɗaukarka, akwai mataimakan malamai masu duba aiki, akwai wa'adi, akwai jarrabawa mai sa ido. Indiya kuma ta bi ta wata hanya: tun 2021 an yarje wa jami'o'inta su ƙirga wa ɗalibi har kashi 40 cikin ɗari na darussan zango daga dandalin gwamnati na SWAYAM. Jami'a ce ke haɗiye kwasa-kwasan intanet, tana rage tsadar lacca. Ina fatan ta mayar da lokacin malamai kan abin da bidiyo ba zai yi ba, wato zama da ɗalibi a kan aikinsa. Jami'ar da ba ta da abin bayarwa sai malami ya karanto tsohon rubutu ɗalibai su kwafa, ita ce ke cikin hatsari, kuma ta cancanci ta ji tsoro.

Yanzu abin da za ka yi, Malam. Kada ka yi masa faɗa, domin yaron da ya je ya binciko waɗannan darussa da kansa yana da ƙishirwar ilimi, abin a yaba ne. Ka ce masa kafin a buɗe makaranta ya ɗauki CS50, darasin share fagen kimiyyar kwamfuta na Harvard wanda David Malan ke koyarwa. Kyauta ne, kuma yana da wuya yadda ya kamata. Sharaɗin shi ne ya yi dukkan ayyukan da hannunsa, ba kallon bidiyo kawai ba, ya riƙa nuna maka abin da ya gina duk mako ko da ba ka fahimci lambobin ba. Idan ya tsaya a hanya, ya ga amsar tambayarsa da kansa ba tare da ya rasa gurbinsa ba. Idan ya kammala, zai shiga aji ɗaya yana gaban tsaransa, ya san irin tambayar da zai yi wa malamansa, ya kuma ci gaba da cike giɓin manhajar makarantarsa da kwasa-kwasan intanet a lokutan hutu. Ko wanne ya faru, a biya kuɗin rajistar jami'ar kafin wa'adi ya wuce.